Waliyyin Judi

Ranar Litinin da hantsi Godfrey ya zo ƙofar gidana. Motarsa ba ta iya shiga lungunmu ba, sai ya bar ta a bakin titi ya tako da ƙafa, yana ɗage wando saboda ruwan lambatu. Ina zaune a zaure. Na shimfiɗa masa tabarma. Ya dubi tabarmar, ya dubi wandonsa. Hajo matata ta miƙo kujerar roba daga cikin gida, ya zauna a kai. Shi a sama, ni a ƙasa.

Godfrey ƙanin Tagwai ne, ubansu ɗaya. Tagwai kuwa maƙwabcina ne. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu a nan Tudun Wada, tun muna da ƙarfinmu har ranar da aka ɗauki gawarsa zuwa Wusasa. Shi Kirista ne, ma'aikacin asibiti. Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Bai taɓa ce mini in bar nawa ba, ban taɓa ce masa ya bar nasa ba. Godfrey kuwa na san shi tun yana yawo da gajeren wando, yana tsayawa a bakin tukubata yana haɗiyar yawu har in miƙa masa tsinken tsire. Daga baya ya yi boko mai zurfi, ya yi aikin gwamnati a Legas da Abuja, ya dawo ya gina gida a Hanwa mai ƙofar ƙarfe da maigadi. Yanzu in ya yi magana sai ka ji ana ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Nagoda, ka san ranar Asabar ne auren Judith."

Na ce, "Na sani. 'Yata ce."

Ya yi murmushi irin na manya. "Haka ne. Kowa ya san zaman da kuka yi da marigayi, shi ya sa na tako da kaina. A coci akwai wanda yake shigo da amarya, ya kai ta gaban Rabaran, a tambaya wa ya ba da ita, ya amsa. Ni zan yi wannan. Kai kuma mun tanadar maka kujera a wurin liyafa, a gaba, kusa da ni."

"Tagwai ni ya ba."

"Ai wannan magana ce ta abokai."

"A gaban mutane ya faɗe ta. Kana makaranta lokacin."

Judi ita ce 'yar farin Tagwai, kuma ita kaɗai Allah ya bar masa. Kirista ne amma Bahaushe ne, kunyar 'yar fari ba ta bar shi ya kama sunanta ba har ya mutu. Ranar sunanta ni na yanka ragon. Ina cikin fiɗa ya zo ya tsaya a kaina, jama'a na zaune, ya ce, "Nagoda, wannan taka ce. Ni ba ruwana. Ranar aurenta kai za ka bayar." A tsakar gidana ta yi rarrafe. Ni take kira Baba. Shi kuwa Malam take ce masa, kamar yadda kowa yake ce masa.

Godfrey ya gyara zama. "Ni ne jininta, Malam. Dangin yaron ma wurina suka zo a Hanwa watan jiya, muka gama komai."

Wannan ban sani ba sai a bakinsa. Abin ya soke ni. Ban nuna ba.

"Sannan ka duba," in ji shi, "coci ce, ba ƙofar masallaci ba. Da Turanci za a yi saboda baƙin da za su zo daga kudu. Akwai manyan mutane, akwai masu ɗaukar bidiyo. Akwai yadda ake tafiya, akwai abin da ake faɗa. Ka taɓa shiga coci?"

Ban taɓa ba. Ko ranar jana'izar Tagwai a waje na tsaya, gindin mangwaro, har aka fito da shi.

"To ka zo ranar Alhamis bayan la'asar, za a yi gwaji. Ka gani da idonka. In ka iya, shi ke nan, na bar maka."

Ya faɗe ta a hankali, kamar wanda ya riga ya san ƙarshen zancen. Ya tashi, ya kakkaɓe bayan wandonsa ko da yake a kujera ya zauna, ya tafi.

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. A ƙofar masallaci wani ya ce, "Nagoda, an ce coci za ka?" Na ce an faɗi gaskiya. Ya ce, "Da tsufanka?" Na ce da tsufana aka bar mini yarinyar. Sharfaddeen ɗana ya bugo waya daga Kaduna, wai mutane za su yi magana. Na ce masa ba ibada zan je yi ba, 'ya zan bayar, na kashe wayar. Waɗannan ba su dame ni ba. Na san su, na san iyakarsu.

Washegari da yamma Judi ta shigo da kayan asibiti a jikinta, don nas ce. Ta wuce madafa ta buɗe tukunyar Hajo ba tambaya.

Hajo ta ce, "Ku ga amarya marar kunya. Biki ya matso tana yawon buɗe tukwanen mutane."

"Inna, a can gidan ba wanda ya iya miyar kuka. Bari in yi ta bankwana."

"Ai ke kika zaɓo. Ki je ki ci rogo har ya fito miki ta hanci."

"Angon nawa Kelechi ya fi ni son tuwo, Inna. A Sabon Gari aka haife shi. Ke dai ki shirya, kullum zai turo ni da kwano."

Da ta gama ci ta zo ta durƙusa a gabana. "Baba, Baffa ya zo ko?"

"Ya zo."

"Mama ba ta iya ce masa a'a. Ƙanin mijinta ne. Ni kuwa kai na sani."

Na ce, "Na ji. Tashi."

Ranar Alhamis na yi la'asar, na hau Napep zuwa Wusasa. Na tarar da su a ƙofar cocin: Godfrey, da Victoria uwar Judi, da Kelechi ango, da ƙawayen amarya sun taru kowa da waya a hannu. Ginin daga waje ba wani abu ba ne. Da na leƙa ciki sai na ga rufin ya yi sama ƙwarai, bencina jere har inda ido ya tsaya, tagogi masu launi, jan kafet ya miƙe ta tsakiya. Wurin shiru, da sanyi.

Ban yi tunani ba. Na sunkuya na cire takalmana, na haɗa su baki da baki na riƙe a hannun hagu, na sa ƙafar dama. Haka ƙafata ta saba tun ina yaro. Na yi 'yan taku sai na ji ƙus-ƙus a bayana, sannan wata ta kasa riƙewa ta fashe da dariya.

Godfrey ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Malam, a nan ba a cire takalmi. Mayar da abinka."

Na mayar. Ina tsaye a tsakiyar hanya, ina ɗingisa ƙafa ɗaya ina cusa ɗaya, yara na kallona. Da na ci gaba da tafiya da takalmi a wurin da ake ambaton Allah, sai na ji kamar ƙafafun wani aka ara mini.

Wata yarinya mai suna Ugochi, ƙanwar ango, ita ke tsara abin. Ta zo ta lanƙwasa mini hannu kamar hannun buta, ta kamo na Judi ta zura a ciki. Ni tun da Judi ta yi wayo ban taɓa riƙe hannunta ba. Ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Na ji jikina ya sandare. Ita ma ta sunkuyar da kai.

"Baba, in kiɗa ya tashi, taku ɗaya, ka tsaya. Taku ɗaya, ka tsaya. A hankali."

Kiɗa ya tashi. Na taka, na tsaya, na taka. Tafiya ce irin ta yaron da aka yi wa kaciya. Na rasa inda kiɗan yake, na wuce shi, na jawo yarinyar har ta yi tuntuɓe. Aka mayar da mu ƙofa, aka sake. Aka kuma sakewa.

Da ƙyar muka isa gaba. Rabaran dattijo ne Bahaushe, mai furfura, ba ya gaggawa. Ya karanta tambayarsa da Turanci, aka kawo makirfo bakina. Godfrey ya matso kunnena ya raɗa mini abin da zan ce. Kalma biyu ce kacal. Na buɗe baki, abin da ya fito ba shi aka raɗa mini ba, kuma lasifika ta ɗauke shi ta buga a bango ya dawo mini. Ƙawayen amarya suka kwashe da dariya, wata har da dafa benci. Na ga ɗaya ta ɗaga waya tana ɗaukata. Kelechi ya dubi ƙasa.

Godfrey ya dafa kafaɗata. "Ba komai, Malam. Ba laifinka ba ne. Ba wurinka ba ne kawai."

Na zare hannuna daga na Judi na fita. Na ji tana kira, "Baba! Baba!" Ban waiwaya ba.

Na kayar da bijimin da samari suka watse suka bar mini a mayanka. An taɓa zare mini wuƙa a kasuwar Tudun Wada, ban ja da baya ba. Amma dariyar yaran nan ce ta kore ni. Na hau Napep na kama hanyar gida. Ina ta tunanin ranar Asabar: cocin a cike, manya da matansu, kowa da waya, ni a tsakiya kamar akuyar da ta ɓata hanya ta faɗa ofis.

Ranar Juma'a daga masallaci ban sake fita ba. Na ce wa Hajo ta shiga ta gaya wa Victoria cewa Godfrey ya yi abinsa.

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Ni ba 'yar aikenka ba ce a wannan. Ga katanga nan, leƙa ka faɗa da bakinka."

"Hajo."

"Malam, shekara da shekaru kana shigo mini da jinin shanu a riga, ban taɓa ganin ka gudu ba. Yau 'yan mata masu jan baki sun koro ka. Allah ya sa dai Tagwai ba ya gani."

Na daka mata tsawa. Ta ci gaba da tankaɗenta. Ban leƙa katangar ba, kuma ba a buƙaci in leƙa ba. Godfrey ya riga ya ɗauka an gama.

Ranar Asabar tun da safe gidan Tagwai ya cika. Mata na guɗa, motoci na ƙaho a bakin titi. Na zauna a zaure da tsohuwar jallabiyata, na juya wa ƙofa baya. Can sai na ji an yi sallama. Judi ce, cikin farar rigar aure mai jan ƙasa, Victoria na biye ta tattaro bakin rigar kada ya sha laka. Ta durƙusa a kan simintin zaurena da rigar da komai.

"Baba, na zo sallama."

A nan ne uba yake yi wa 'ya nasiha ya sa mata albarka. Na daɗe da tanadin abin da zan gaya mata. Na neme shi a bakina na rasa. Wanda ya gudu ya bar ta a tsaye, me zai ce mata game da haƙuri?

Na ce, "Wa zai kai ki?"

"Baffa. Yana can coci yana jira."

"Kin yarda?"

"Baba, ba a tambaye ni ba. Ranar da aka ba ka ni ma ba a tambaye ni ba. Abin da kuka yanke shi ne."

Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Kanta na ƙasa. Victoria ce ta share ido da bakin gyale ta ce, "Malam, sa mata albarka kawai. Mota na jira."

Na dubi yarinyar. Na ji haushi ya taso mini, ba na Godfrey ba, nawa na kaina.

Na ce, "Ba a nan zan sa ba. Hajo! Rigata."

Ashe tana bayan labule, babbar rigar a kafaɗarta, hula a hannu. "Tun jiya na kai ta aka buga. Ina jira ne ka gama abin da kake yi."

Na sa riga na shiga gaban motar amarya. Muka kama hanyar Wusasa. Tsoron yana nan, bai je ko'ina ba. Da muka shiga harabar cocin, na tarar motoci sun cika ta.

Godfrey na tsaye a ƙofa cikin baƙar kwat, da fure a ƙirji. Da ya gan ni na fito daga motar, fuskarsa ta canza.

"Malam Nagoda, wurin liyafa ba nan ba ne."

"Na sani."

"To me ya kawo ka? Ba mun gama ba?"

"Ban ce maka na fasa ba."

Ya rage murya. "Ka ga abin da ya faru shekaranjiya. Yau akwai alƙalai a ciki, akwai likitoci, akwai mutanen da suka kwana a hanya. Za ka kunyata mu, ka kunyata kanka."

"Kunyar tawa ce. Matsa."

Bai matsa ba. Ya miƙa wa Judi hannu a lanƙwashe. Ba ta motsa ba, tana kallon ƙasa. A daidai nan aka wangale ƙofa, kiɗa ya tashi, mutanen ciki duka suka miƙe suka juyo. Godfrey mutum ne mai gudun abin faɗa. Ba zai yi ja-in-ja da tsoho a idon alƙalansa ba. Ya sauke hannun.

Na sunkuya na cire takalmana, na jera su a gefen ƙofa. Wannan karon da saninsa na yi.

"Ka sake?" in ji Godfrey ta cikin haƙora.

"Na sake."

Ugochi ta rugo za ta lanƙwasa mini hannu. Na dube ta, ta tsaya. Na ce wa Judi, "Biyo ni."

Na shiga gaba, tana baya. Ban bi kiɗan ba, tafiyata na yi, irin wadda nake yi in zan je ɗaurin aure. Cocin ta cika maƙil. Mata da ɗaurin kallabi kamar faifai, maza da jajayen huluna, wayoyi a sama ko'ina. Na ji ƙus-ƙus ya tashi daga baya yana bina. Na san abin da suke kallo: fason ƙafata a kan jan kafet. Gumi ya gangaro mini ta tsakiyar baya. Na kafa idona a kan furfurar Rabaran ban sake duban kowa ba. Ina jin takun Godfrey a bayan Judi, yana biye, yana jiran in faɗi ya ɗauka.

Muka isa. Aka yi waƙa, aka zauna, Rabaran ya yi ta karatu da Turanci. Sannan ya ɗago ya dube ni ya yi tambayar. Aka kawo makirfo.

Kalma biyun nan suna nan a kaina, na kwana biyu ina juya su. Amma da na zo faɗa sai na ga ba zan ba da 'yar Tagwai da maganar da ban san nauyinta ba. Na yi shiru. Na ji Godfrey ya matso, ya ja numfashi zai amsa.

Na ce, "Rabaran, faɗa mini da Hausa."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Cewa na yi, wa yake ba da wannan mace ga wannan mutum?"

"Ni ne mai bayarwa. Amma ba wanda ya nema a wurina. Ba a ba da 'ya ba a nema ba. Ina uban yaron?"

Godfrey ya kama mini hannun riga. "Malam Nagoda! An gama wannan a Hanwa!"

"An gama da kai. Ba a gama da ni ba."

Na manta da makirfo a bakina. Cocin duka ta ji. Wuri ya ruɗe. Waɗanda suka ji Hausa suna fassara wa waɗanda ba su ji ba, wani tsoho mai jar hula a layin dangin ango ya miƙe yana faɗa da yarensu yana nuna ni da sanda. Na ji numfashin Judi a bayana yana fita da sauri. A nan tsoro na gaske ya kama ni: ko na ɓata wa yarinyar nan ranarta? In suka fice fa? Amma na riga na faɗa. Na tsaya a inda nake.

Sai wani gajere mai tumbi ya miƙe daga bencin gaba. Dozie ne, uban Kelechi, mai shagon kayan babur a Kwangila. Tun yana saurayi yake Zariya, ya sha zuwa ɗaurin auren 'ya'yan abokan cinikinsa. Matarsa ta ja masa riga, ya fizge. Ya ce wa tsohon mai sanda wani abu a taƙaice, tsohon ya zauna yana huci. Ya tako har gabana, ya ɗan rusuna.

"Baba Nagoda, a gafarce mu. Da an nuna mana ƙofar tun farko, da can muka fara."

Na ce, "Ga ni yanzu."

Ya gyara tsayuwa, ya karɓi makirfo daga hannun yaron da ke riƙe da ita. "Ina nema wa ɗana Kelechi auren 'yarka Judith."

Na yi shiru. Ya gane. Ya sake faɗa. Na yi shiru. Ya faɗa na uku, da ƙarfi, har wasu a baya suka yi tafi.

Na ce, "Ci da sha?"

"Mun ɗauka."

"Sutura?"

"Mun ɗauka."

"In ta yi ciwo?"

"Ita ce nas, Baba, mu ne za mu dame ta. Amma mun ɗauka."

Aka yi dariya. Na jira ta lafa.

"Ba duka, ba zagi. Marainiya ce amma tana da uba. Ranar da kuka gaji da ita, gidana yana nan Tudun Wada, kowa ya san shi. Ku dawo mini da ita da mutuncinta kamar yadda kuka ɗauka."

Rabaran ya yi gyaran murya. "Malam, a wurinmu in an ɗaura ba a dawowa da ita."

"Wannan tsakaninku ne. Ni na faɗi nawa."

Dozie ya ce, "Mun ji, Baba. Ba za ka gan ta ba sai da goyo."

Na juya na dubi Judi. Ta cikin farin mayafin na ga hawaye ya wanke mata kwalli, amma ba irin kukan da na ji tsoro ba ne. Na dubi yaron. Ya durƙusa ba wanda ya ce masa.

Na ce, "Na ba ku. Na ba ku. Na ba ku. Allah ya yi mata albarka, ya ba su zaman lafiya."

Wata tsohuwa daga cikin matan Wusasa ta rangaɗa guɗa, wasu suka amsa mata. Hannuwana sun riga sun ɗaga za su ce a yi fatiha. Na tuna inda nake, na karanta tawa a zuci, na shafa.

Rabaran ya ce, "To, an nema, an bayar, mun shaida." Ya koma Turancinsa.

Da na juya neman wurin zama, Godfrey ya riga ya zauna a bencin gaba, ya harɗe hannu, yana kallon bango. Bai matsa ba. Victoria ce ta tattara zanenta ta ba ni gefe. Na zauna. Abin da aka yi bayan nan ban fahimci ko ɗaya ba. In sun miƙe ina zaune, in sun zauna ina zaune. Ban fita ba sai da aka gama.

A waje ana ta ɗaukar hoto. Godfrey ya same ni a gefe, ya cire furen ƙirjinsa yana murza shi a hannu.

"Ka ji daɗi? Ka mai da auren yarinya wasan kasuwa. Gobe duk garin nan za a kalle ka a waya ana dariya."

Na ce, "Su kalla."

"Kujerarka tana nan a wurin liyafa. Ba don kai ba, don marigayi."

"Ba wa wani. Azahar ta yi."

Na fita bakin titi na tare Napep. Direban ya ce, "Ina za ka, Baba?" Na ce Tudun Wada.